Ranar da Na Liƙe Muryar Baba Maigadi da Dalma

Ni ne na ce lasifikar lafiyarta ƙalau. Gara in fara da wannan, domin duk abin da ya biyo baya daga bakina ya fito, kuma ko yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

A farkon shekarun tamanin ina aikin wuta a wata masaƙa a Sharada, nan Kano. Ban kai talatin ba, amma ina da takardar gwajin sana'a da na sa wa gilashi na rataye a ɗakina a Panshekara, ina da sukudireba mai ɗan ƙwan fitila a aljihun gaba, ma'aikata kuma suna ce mini Injiniya. Na san rabinsu tsokana suke yi, amma ban taɓa hana kowa ba.

Masallacinmu na ma'aikata ɗan gini ne na bulo da rufin kwano, a jikin katanga kusa da get. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane dalilin da ya sa ƙaramin masallaci irin wannan yake bukatar lasifika ba. Injuna ne jere suna bugawa ba tsayawa, mutum na gefenka amma sai dai ka karanci leɓensa. Alhajin sito, wanda shi ne shugaban kwamitin masallacin, shi ya zo da lasifikar daga aikin hajji: ƙaho guda babba, da akwatin ƙara sauti, da makirufo. Aka ɗaure ƙahon a ƙarfen tankin ruwa yana fuskantar ɗakin saƙa. Akwatin da makirufon kuwa aka yi musu wani ɗan lungu a bayan masallaci, mai ƙofar katako, wanda mutum ɗaya kawai yake ɗauka. Dole kuma mai kiran salla ya rufe ƙofar, in ba haka ba lasifikar ta kama wani kuka mai tsinka kunne.

Ladaninmu shi ne maigadin get, wani dogon tsoho daga wajen Damagaram, kowa Baba yake ce masa. Tun kafin a kawo lasifika shi yake kiran salla, da bakinsa kawai, kuma masu abinci a bakin titi suna ji. Allah ya ba shi murya. In ya daka wa direban tirela tsawa, har wanda ba ruwansa sai ya duba ko shi ne ya yi laifi. Ba a biyansa ladanci. Amma ka gane, duk yini aikinsa buɗe get da rufe get, manya su wuce a mota ko gilashi ba su sauke ba. Azahar da La'asar kaɗai ne lokacin da duk masaƙar take sauraronsa, har manaja in yana waya sai ya dakata.

To, da damina ta yi nisa sai muryar Baba ta fara yankewa. Zai fara kira lafiya lau, da ya zo inda ake jan numfashi a ɗaga, sai ɗif. Shiru. Can kuma sai ƙarshen kalmar ya faɗo, kamar wanda aka shaƙe aka saki. Kwana biyu ana haƙuri, ran na uku samarin ɗakin rini suka fara kwaikwayonsa a layin abinci.

Alhajin sito ya kira ni ya ce in duba. Na zo da sukudirebata bayan Azahar, jama'a na tsaye suna sa takalma. Na shiga lungun, na leƙa akwati, na girgiza wayoyi, na ɗauki makirufo. Sai na gyara murya irin ta masu karanta labarai a rediyo, a hankali cikin ƙasaita, na ce, “Halo, halo. Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu.” Ta fita tas. Don kada a ce na yi son kai, na kira wani akawun ofishin albashi, saurayi mai sanyin murya, na ce ya gwada. Ya karanta 'yar addu'a cikin lallausar muryarsa, ita ma ta fita ba ko gargada.

Baba yana tsaye a gefe da butarsa. Ya ce, “Ni fa, ɗana, a bakina ban ji ta yanke ba.”

Wani ya ce ai mai minshari ma ba ya jin nasa. Aka yi dariya. Ni kuma dariyar nan ta yi mini daɗi, kaina ya kumbura, na soke sukudireba a aljihu na ce, yadda kowa zai ji, “Baba, na'ura ba ta ƙarya. Lasifika lafiyarta ƙalau. Sai dai a duba maƙogwaro.”

Abin da ya kamata in yi ba wuya gare shi. In tsaya a jikin ƙofar lungun lokacin da yake kira, in kasa kunne. Mahaukaci ma zai yi tunanin haka. Ban yi ba, kuma ba wanda ya yi, saboda mai takarda ya riga ya yi magana. Baba ya ɗauki butarsa ya koma get.

Daga ranar masaƙa gaba ɗaya ta zama asibitin maƙogwaro. Kai, mutanenmu! Kowa da maganinsa. Wani ya kawo zuma daga ƙauyensu, wani citta da kanumfari, wani kimba. Wani masaƙi ya rantse kakansa da man shanu mai ɗumi yake wanke murya. Matar da ke sayar da shinkafa da wake a bakin get ta hana shi yaji, in ya miƙa kwano sai ta zuba masa abinci fari fat kamar na mai jinya, ya zauna yana ci yana hararar na mutane. Aka hana shi ruwan randa, aka hana shi goro, aka sa shi naɗa rawani har wuya a cikin zafin nan. Mai waldarmu, wani ƙato mai faɗa, ya fasa masa ɗanyen ƙwai biyu a kofi ya tsaya a kansa sai da ya shanye.

Har wanzami aka kawo. Ranar ina nan, na gani da idona. Aka zaunar da Baba a benci a bayan ɗakin gadi, wanzami ya buɗe zabirarsa, ya ce a cire beli, shi ne yake toshe hanyar murya. Baba ya wage baki yana kallon sama, idonsa ya kaɗa. Wanzami ya leƙa, ya sake leƙawa, ya juya kan tsohon wajen haske, sannan ya ce, “Ai wannan tun yana jariri aka cire. Ba a bar mini komai ba.” Ya rufe zabira yana jin haushi kamar an yi masa ƙwace.

Abin takaicin, duk sanda Baba ya sha sabon magani sai ya shiga lungun da ƙarfin zuciya, ya saki murya fiye da jiya don ya nuna ya warke. Ita kuwa sai ta ƙara yankewa. Har ta kai rabin kiran shiru ne. A nan ne ya yarda. Na ga ranar da ya yarda ɗin, ya fito daga lungun ya tsaya yana shafa wuyansa, bai kalli kowa ba.

Alhajin sito mutum ne mai kunya, bai ce an sauke shi ba. Cewa ya yi, “Baba, ku ɗan huta, akawu ya riƙe muku kafin ku samu sauƙi.” Akawu ya karɓa. Muryarsa siririya ce, in injuna na aiki da ƙarfi sai ka kasa kunne kafin ka ji, amma ba ta yankewa. Mako ɗaya, biyu, uku, ko sau ɗaya. Kowa ya ce to ga shi nan, Injiniya ya faɗa. Ni ma na ce ga shi nan.

Baba ya daina magana. Tirela in ta zo, da hannu yake mata nuni. In akawu ya fara kira sai ya shiga ɗakin gadi ya zauna har a gama, sannan ya fito ya bi sahun baya. Mai shinkafa ce ta gaya mini ya sayi akwatin ƙarfe, ya ce ƙarshen wata zai koma gida. Wai ya ce mata wanda Allah ya karɓe wa murya ya kamata ya gane an sallame shi, ya je ya zauna kusa da inda za a binne shi. Na ji ba daɗi, amma wallahi ko a lokacin ban zargi kaina ba. Tausayinsa nake ji irin na likitan da ya faɗi gaskiya.

Takalmin mai walda ne ya tona mini asiri. Saura kwana biyar wata ya ƙare, aka idar da Azahar, ya fito bai ga takalminsa ba, sabo dal, sai wasu tsofaffin silifa ƙafa daban-daban. Ya bi sahu yana duba ƙafar kowa, bai gani ba. Sai ya faɗa lungun, ya ja ƙofa, ya fizgi makirufo. Ina tsakiyar fili ina komawa wajen aikina na ji ƙahon ya fashe a kaina.

“Jama'a! Duk ɗan da ya ɗauki takalmina, wallahi tallahi in na kama shi sai na...”

Ɗif.

“...uwarsa ma ba za ta...”

Ɗif.

Fili ya kaure da dariya. Wani ya ce lasifikar masallaci ce, ba ta ɗaukar ashar. Wani ya ce a kawo ɗanyen ƙwai, shi ma tasa ta ƙare. Ni kaɗai ne ban yi dariya ba. Mai walda da ƙyar ya haura talatin, maƙogwaronsa kamar bututu. Abin da ya haɗa shi da Baba ɗaya ne, dukansu in suka buɗe baki sai ƙarfe ya girgiza. Ni da akawu kuwa raɗa muka yi wa lasifikar.

Na tafi get. Baba na zaune a bencinsa yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da na daɗe ban yi masa irinta ba, har ya dube ni da mamaki. Na ce ina so ya taimake ni in gwada wani abu. In hau tanki, shi kuma ya shiga lungu ya yi kira da duk ƙarfinsa.

Ya ce, “Yanzu? Wace salla?”

Na ce gwaji ne kawai.

“Ba a gwaji da kiran salla, ɗana. In mutane suka bar aiki suka yi alwala, in ce musu me?”

Na ce to ya faɗi ko mene ne, in dai da ƙarfi. Ya ce shi ban da kira ba abin da ya iya faɗa da ƙarfi sai maganar get. Na ce ita ma ta yi.

Na jingina tsani na hau. A gindin ƙahon akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, mu muna ce masa yunit, a cikinsa murya take haihuwa, ƙahon faɗaɗa ta kawai yake yi. Na ɗora hannu a kai, na kawar da kunnena gefe, na ɗaga wa Baba hannu. Ya shiga ya rufe.

“Kai, mai tirela! Ja baya! Ja baya na ce! Taho, taho, ta...”

Ɗif. A tafin hannuna na ji ta mutu. Na danna wajen da waya take shiga da ɗan yatsa, sai ga ta ta dawo, na saki ta ɗauke. Shi ke nan, na gama gani.

Abin da ban gani ba shi ne, akwai tirela ta gaske a waje, ta kawo auduga tana jiran a buɗe. Direban ya san muryar Baba, ya kuma san ba a yi mata musu. Ya sa giyar baya yana tahowa, yana tahowa, yana jiran a ce tsaya. An ce tsaya ɗin, amma a cikin lungu ta tsaya. Sai da tayar bayan tirelar ta zurma kwatar da ruwan rini yake bi. Daga saman tanki ina kallonsa ya diro yana zage-zage, yana neman wanda ya kira shi, get a rufe ba kowa. Ban sauko ba sai da aka fara taruwa ana turawa, na kwance yunit ɗin na sulale ta baya.

Kafin in kai ɗakin aikina Alhajin sito ya tare ni. Ya ga abin a hannuna kamar ya ga na ɗauko ɗansa ta ƙafa. Na yi masa bayani: a ciki akwai inda aka liƙe waya da dalma, liƙin ya tsage, in an yi magana a hankali yana taɓawa, in murya mai ƙarfi ta girgiza shi sai ya rabu. Alhaji ya dube ni. Bai ce “ashe” ba, da ma ya ce, da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce shi ne, shekaran jiya ma wani masallaci a Bompai an zaga kasuwa kaf ana neman irin wannan yunit ba a samu ba, kaya sun daina shigowa. In na ƙona wannan, ba Baba ba akawu, kowa ya yi shiru.

Gaskiyarsa. Da na kwance sukurori na buɗe, sai ga abin da ake tsoro. Wani ɗan faifai ne siriri kamar ɓawon albasa, a jikinsa an naɗa waya mai kaurin gashin kai. Bakin wayar nan ne yake zuwa inda aka liƙe, tsakaninsa da faifan bai kai faɗin farcen ɗan yatsa ba. Dalma ba ta narkewa sai da zafi, zafi kuma waya yake bi. Ka daɗe kaɗan, ya gangara ya narkar da gam ɗin da ya riƙe naɗin, ko ya murɗe faifan, shi ke nan an gama. Ni kuwa ƙarfen liƙin da nake da shi na manyan wayoyin inji ne, bakinsa kamar kan guduma.

Mai walda ya shigo sanye da silifar nan daban-daban, ya leƙa ta kafaɗata, ya ce, “Wannan ne? Kawo in ɗiga masa walda sau ɗaya, har jikokinka ba zai saki ba.”

Na ce ya fita. Ya ce taimako zai yi. Na ce wallahi in ya matso da hannunsa sai na haɗa shi da wuta. Ya koma taga, inda mutum kusan goma suka riga suka jera kai.

Na fara da raba faifan da maganaɗisun da ke ƙarƙashinsa, don maganaɗisun nan mayen gaske ne, sukudirebata ma sai da ya fizge ta saura ƙiris ta huda faifan, na ce innalillahi a fili. Na rufe shi da tsumma na kai shi can ƙarshen tebur. Na samo guntun waya mai kauri ta jan ƙarfe, na nannaɗe ta a bakin ƙarfen liƙin, na bar ɗan tsini ya fito, na goge shi da magagari. Ga ƙaramin baki ya samu. Na tsinko auduga, abin da ba ma rasawa a masaƙa, na jiƙa na matse, na shimfiɗa a gefen faifan.

Saura abu ɗaya. Ana so a damƙe siririyar wayar da wani ƙarfe tsakanin liƙin da faifan, yadda zafi in ya taso zai shige ƙarfen ya bar faifan. Na ɗauko filayata, bakinta ya yi kauri, ba ta shiga. Na gwada ƙarama, ita ma haka. Na zazzage akwatin kayan aikina a ƙasa ina tsaki. 'Yan taga suka fara ba da shawara, wani ya ce cokali, wani ya ce allura, wani ya ce a kai wa masu gyaran agogo.

Sai na ji an ce, “Wannan fa?”

Baba ne. Ban san lokacin da ya shigo ba. Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wata igiyar fata, a jikinta akwai matsefata, 'yar ƙaramar nan ta cire ƙaya da mutanen daji ba sa rabuwa da ita. Shekara nawa yana Kano yana taka siminti, amma tana wuyansa. Na karɓa na gwada. Kai, kamar don wannan aikin aka ƙera ta.

Amma hannuna biyu ne, ɗaya ƙarfe ɗaya dalma. Dole wani ya riƙe. Alhaji ya mayar da hannunsa aljihu. Mai walda ya ce shi, kowa ya ce a'a tare. Baba ya ja kujera ya zauna.

Na ce, “Baba, in kuka motsa, wayar nan za ta tsinke.”

Ya ce, “Na cire ƙaya a idon raƙumi yana kallona. Yi aikinka.”

Ya damƙe wayar daidai inda na nuna masa. Na kankare tsohuwar dalmar da bakin reza a hankali har jan ƙarfe ya fito, na shafa ɗan ƙaro don sabuwar ta kama. Na lasa wa tsinin ƙarfen dalma tukuna, don kada in tsaya jiran ta narke a kan aikin. Na ce kowa ya yi shiru. Na yi bisimilla na ɗora, ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, na ɗaga.

Ba ta kama ba. Ta dunƙule a gefe, fuskarta duhu kamar tuwon jiya. Tsoro ne ya sa na ɗaga da wuri. Zuciyata ta ce maza mayar kafin su gane, kuma a nan ne ake ƙona kaya, a komawa ta biyu kan wurin da bai huce ba. Na ajiye ƙarfen. 'Yan taga suka ce yaya? Na ce jira muke. Alhaji ya ce jiran me? Na ce jiran ya huce, Alhaji, ko ku za ku karɓa? Allah ya yafe mini, ban taɓa yi masa magana haka ba. Na sake jiƙa auduga, na taɓa matsefatar na ji ta yi sanyi. Duk tsawon wannan lokaci Baba bai saki ba, ko numfashinsa ba ka ji.

A karo na biyun na bar tsinin ya zauna sosai, na kawo dalma ta ɗaya gefen. Ɗaya, biyu, sai na ga ta kwanta ta bi wayar tana sheƙi. Na ɗaga. Wajen ɗagawar ne wani ɗigo da ya taru a jikin wayar da na naɗa ya ɓalle, ya faɗo a kan babban yatsan Baba, daidai gindin farce. Na ji ƙaurin fata. Na ce, “Baba!”

Ta cikin haƙora ya ce, “In saki?”

Na ce a'a, sai ta daskare. Ya riƙe. Ina kallon ɗigon dalma a kan yatsansa, ina kallon wanda ke kan waya, ina hura na wayar don shi ne ba na so ya motsa. Wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa. Da na ce ya saki, sai ya ajiye matsefatar a hankali tukuna, sannan ya ɓamɓare dalmar daga yatsansa, ya ce a ba shi ruwa a kofi.

Na duba faifan a haske, bai murɗe ba, gam bai canza kala ba. Na mayar da komai, na hau tanki na ɗaura. Ana saura kaɗan La'asar. Akawu ya riga ya yi alwala ya nufo lungu, da ya ga Baba tsaye a wajen da yatsa a kofi, sai ya ja baya da kansa, ya buɗe masa ƙofar. Yaron kirki ne, ban taɓa jin haushinsa ba.

Baba ya shiga ya rufe. Ya fara a hankali, da wata murya ta mai tsoro da ban san shi da ita ba. Fili ya cika, har 'yan ɗakin saƙa sun leƙo, har direban tirelar da laka a wandonsa. Ya zo gaɓar da take yankewa. Ya tsaya. Tsayuwar ta yi tsawo har na ce a raina shi ke nan, na ƙona. Sai ya saki. Jama'a, ya saki! Kwanon masallaci ya amsa, tattabarun da ke kan tanki suka watse, ya ja ta ya ja ta har inda numfashinsa ya ƙare, ba ta yanke ba. Mai shinkafa ta rangaɗa guɗa daga bakin get, aka ce mata ke, kiran salla ne. Ni dai na ji idona ya cika, na yi kamar hayaƙin ƙaro ne.

Bayan an idar aka yanyame ni. Injiniya, Injiniya! Wannan ya dafa ni, wancan ya ce hannuna na Turawa ne, mai walda na ba da labarin yadda shi ya ba ni shawara. Kuma ka ji halin ɗan Adam, kaina ya fara kumbura kamar yadda ya saba. Har na fara bayanin yadda zafi yake bin waya.

Baba ya ratso mutane ya kamo hannun rigata. Ya ja ni har bakin lungun. Ya kunna akwatin da kansa, ya miƙo mini makirufo.

“A gaban mutane ka ce maƙogwarona ne. Faɗa musu abin da ka gani a ciki.”

Na ce, “Baba, ai kowa ya gani.”

“'Yan aikin safe sun tashi. Maƙwabta ma sun ji ana cewa na ƙare. Wannan tana kaiwa.”

Na duba Alhaji ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na shiga lungun. Baba ya cusa kansa ya tsaya a jikina, ya ja ƙofa, mu biyu a wurin mutum ɗaya, kofin ruwansa na taɓa mini ciki. Wallahi ban taɓa roƙon Allah aikina ya lalace ba sai ranar. Na kai makirufo baki, na sauke murya can ƙasa, na fara, “To, jama'a, dangane da batun lasifika, an samu ɗan kuskure...”

Baba ya zungure ni da gwiwar hannu.

“Wa ya yi kuskuren? Ɗaga murya, ɗana. Ba ta yankewa yanzu.”